Sharhi a Kan Faya-fayen Glenn Gould Biyu na Kiɗan "Goldberg"

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce jawo hankalin malamai da ɗaliban nazarin waƙa zuwa ga wasu faya-faye na tsohon kiɗan Turai, wanda ake kira kilasik. Shi irin wannan kiɗa a rubuce yake, makaɗi karanta shi yake yi kamar littafi. Saboda haka sai mutum ya zaci duk faifan da ya saya daidai yake da ɗan'uwansa. Alhali kuwa ba haka abin yake ba.

Kiɗan da za a duba shi ne "Goldberg" na Bajamushen nan Johann Sebastian Bach (1685-1750), wanda aka buga a 1741. Idan aka ari kalmomin nazarin waƙar baka, ana iya cewa gindi ɗaya gare shi da ɗiya 30, daga ƙarshe a koma wa gindin. Abin da ya ɗaure ɗiyan shi ne muryar ƙasa, wato ta hannun hagu, ba karin da kunne ke fara kamawa a sama ba. Kowane ɗa na uku kuma, daga na 3 zuwa na 27, murya ce ke bin sawun murya. Bach ya raba kowane ɗa gida biyu, ya umarta a maimaita kowane rabi.

Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan ƙasar Kanada, ya ɗauki wannan kiɗa a birnin New York a 1955, yana da shekara 22. Bai maimaita ko rabi ɗaya ba, ya gama cikin minti 38. Faifai ne mai zafin nama, kuma duk da saurin, kowace murya a rarrabe take fita. Aibinsa shi ne ɗiyan ba su san juna ba. Kowane da gudunsa, sai ka ce dawakin sukuwa.

A 1964 Gould ya daina kiɗa a gaban jama'a. A 1981 ya koma wa "Goldberg", wannan karon cikin minti 51, ya rasu a watan Oktoba na 1982, jim kaɗan bayan fitowar faifan. Mutane da yawa sun ɗauki faifan a matsayin ban kwana, amma wannan fassara ce da mutuwa ta kawo daga baya. Haƙiƙanin abin da ya yi shi ne ya auna saurin kowane ɗa da na wanda ya gabace shi, har aka sami bugu guda yana ratsa kiɗan tun daga farko. Ya kuma maimaita wasu rabe-raben. Gindin kawai ya isa shaida: a 1955 bai kai minti biyu ba, a 1981 ya ɗara uku. Wannan faifai shi ya fi, domin a cikinsa ne mai sauraro zai ji ginin a dunƙule. Sai dai yana da nasa cikas. A wasu wurare hannun ya yi nauyi, ga kuma gunaguni da Gould ke yi da bakinsa, wanda na'ura ta ɗauka sarai. Wasu sukan saba da shi, wasu ko kusa.

A nan ne abin ya shafi manazarcin Hausa. Sau da yawa ɗalibi kan rubuta Bakandamiyar Shata daga kaset ɗaya, ya kira abin da ya rubuta matanin waƙar, ko da yake Shata ya rera ta a lokuta daban-daban. To, in har kiɗan da ke rubuce zai bambanta haka a hannun mutum guda, ina ga waƙar da ba ta da mazauni sai bakin mai ita?

Ya fi kyau a fara da faifan 1955, sannan a bi da na 1981. Mai son jin amon da Bach ya nufa sai ya nemi na Wanda Landowska na 1933, wadda ta yi amfani da hafsikod, abin kiɗan da ake tsinkar tsirkiyarsa maimakon a doke ta. Sai dai a yi haƙuri da ƙarar tsohon garmaho. Na Murray Perahia na 2000 kuwa ya kiyaye maimaicin da Bach ya umarta, don haka ya wuce awa guda.