A ba mu faffaɗar taya, a bar mana tub ɗinmu

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke tsakanin ƙauyukan Kwaya da Magarya, ko ya nufi gabas wajen Dungas, ya san abu biyu ne ke hana mai keke sakat: rairayi da ƙaya. Da ka sauka daga burji ka shiga hanyar amalanke, ƙafar gaba ta fara lilo kenan, ta nutse, sai ka sauka ka tura. In ka kauce wa rairayin ka bi gefen gona inda ƙasa ta fi tauri, can ma tsaida na jira, ga ƙayar aduwa, ga rassan gawo da makiyaya suka sassaro wa dabbobi suka bar ƙayar a warwatse. Yankinmu ya yi suna a duniya wajen raya gawo a cikin gonaki, abin alfahari ne, amma mai keke ne ke biyan kuɗin faci.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da samarinmu suka ƙyalla ido kan wani yayi da ke yawo a wayoyinsu. A bidiyon Facebook da TikTok ana nuna keke mai ƙatuwar taya kamar ta babur yana ratsa yashi ba ko gezau, ana kuma nuna mutum ya cire tub daga tayarsa, ya ɗura wani farin ruwa, ya soka mata ƙusa, iska ba ta fita ba. Abu biyu ne aka haɗa mana a faifai ɗaya, faɗin taya da cire tub. Ni a ganina na farkon namu ne, mu karɓe shi hannu bibbiyu. Na biyun kuwa lokacinsa bai yi ba a nan, kuma ina tsoron a yi ta ɓarnar kuɗi a kansa.

Na ce faffaɗar taya tamu ce, kuma ba da baki kawai na faɗa ba. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya hau keke mai ƙafa uku a jere, duk da manyan tayoyi, ya tashi daga Damagaram har Tamanraset ta ƙasar Aljeriya. A 1986 ya sake ratsa Sahara da wasu tayoyin gwaji da kamfanin Michelin ya yi masa. Masu ba da tarihin wannan keke suna sa tafiyarsa cikin na farko-farko. Daga baya ne mutanen Alaska suka riƙa haɗa rim biyu wuri ɗaya don tseren ƙanƙara, wani Ray Molina a jihar New Mexico ya yi tayoyi don tuddan yashi, sannan a 2005 kamfanin Surly ya fito da Pugsley, wanda ya kai keken shaguna. Yau a Amurka da Turai keken shaƙatawa ne, ana yawo da shi a hanyoyin gandun daji ranar hutu. Amma rairayin jiharmu na cikin wuraren da aka fara gwada shi, kuma a nan buƙata ce, ba nishaɗi ba.

Sirrin ba ɓoyayye ba ne. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku sun daɗe da saninsa: in za a shiga yashi, a rage iska. Taya mai ƙarancin iska tana bajewa, nauyi ya rarrabu a wuri mai faɗi, sai ta hau kan rairayi maimakon ta yanka shi. Tsohon kekenmu irin su Phoenix da Raleigh, mai ƙafa 28, faɗin tayarsa inci ɗaya da rabi ne, kuma sai an cika ta tam, iska 40 zuwa 60 a ma'aunin mai faci. Ƙatuwar tayar nan kuwa faɗinta daga wajen inci 4 ne zuwa 5, iskar da take sha a yashi ba ta wuce 5 zuwa 10 ba. Bambancin kenan.

Sai dai ba kowa ne zai sayi wannan keke ba, kuma ba ma sai an saya ba. Tayar inci 4 ba ta shiga jikin keken da muke da shi, sai an sake komai, ƙarfen jiki da rim da cibiyar ƙafa. Masu arahar cikinsu nauyi gare su, a kan kwalta suna cin ƙarfin gwiwa, kuma ranar da tayar ta yage, nemanta zai kai ka Damagaram ko Kano. Abin da ke hannunmu shi ne keken gwanjo mai ƙafa 26, irin na hawan tudu, wanda ya cika kasuwanni. Yawancinsu suna ɗaukar taya mai faɗin inci 2 da ɗoriya. A sa masa mafi faɗin da zai iya ɗauka, a daina buga masa iska har ya zama dutse. Yaron da ke zuwa makarantar sakandare daga ƙauye zai ga bambanci tun ranar farko: wuraren da yake sauka ya tura za su ragu.

Wannan ɗabi'a ta cika taya tam ita ce nake so mu fara yaƙa. Mai keke kan matsa taya da babban yatsa, in ta ɗan lotsa ya ce wa mai faci, "Malam, ƙara mata." A kan kwalta daidai ne. A hanyar Kwaya kuwa wahala yake saya wa kansa.

To, me ya sa nake ja da cire tub, alhali ƙaya ce rabin matsalarmu?

Ba na musun amfaninsa. Motoci sun rabu da tub tun shekarun 1950. A keke, kamfanonin Mavic da Michelin da Hutchinson sun fito da nasu tsarin a 1999, bayan nan ruwan toshe huda ya yaɗu. Ruwan ƙaron roba ne a narke. Ƙaya na shiga, iska ta turo shi cikin hudar, ya daskare ya toshe. Ga wata fa'idar: in iska ta yi ƙasa kuma akwai tub, rim kan cije shi idan aka daki dutse ko bakin rami, ya yi masa huda biyu gefe da gefe. In babu tub, babu abin cizo. Saboda haka ne masu ƙatuwar taya a Amurka da Turai suka rungumi tubles, wato taya marar tub, domin ƙarancin iska da rashin tub suna tafiya tare. Hujja ce mai ƙarfi, na yarda da ita.

Amma a duba abin da ake buƙata kafin a kai ga nan. Rim ɗin keke cike yake da hudojin wayoyi, sai an liƙe su duka da salatif na musamman. Sai bawul na daban. Sai taya mai bakin da zai kama rim ya riƙe iska, kuma yawancin tayoyin arha da ke kasuwarmu ba a yi su don haka ba. Za su yi ta tsiyayar iska, ko su kwaɓe daga rim a kan kwana, mutum na ɗauke da buhun gero ko ɗaurin rake a kariya. Zaunar da tayar karon farko yana son iska mai ƙarfi a bugu ɗaya, irin ta injin iska, famfon hannu ba ya cika yin aikin. Babbar matsalar kuma ita ce ruwan kansa. Ko a ƙasashe masu sanyi, cikin 'yan watanni yake bushewa a sake ɗura wani. Zafi da bushewar iska suna gaggauta shi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu na haura digiri 40, kuma keke a rana yake wuni. Ranar da ruwan ya bushe, ba abin da zai gaya maka. Sai ƙaya ta shiga a tsakiyar daji, iska ta fice, ka tarar ba ka da tub, ba ka da ruwa, famfonka kuma ba zai tayar da ita ba. An saki reshe an kama ganye.

Wani zai ce ai babura masu tubles sun shigo kuma 'yan kabu-kabu na yabawa. Gaskiya ne, amma waɗannan rim ɗinsu na zubi ne, ba hudar waya ko ɗaya, tayarsu mai kauri ce, kuma da tubles aka ƙero su daga kamfani. In ƙusa ta shiga, a cusa igiyar roba mai danƙo a wuce. Ko a nan ma, wanda ke bin hanyar ƙauye ya san rim mai waya in ya lanƙwashe ana miƙe shi, na zubi in ya tsage sai sabo.

Tub kuwa kowa ya san hannunsa. Je ka tsaya wajen mai faci ranar kasuwa, ƙarƙashin bedi. Zai zare tub ɗin, ya ɗan hura shi, ya bi da shi cikin kwanon ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta taso. Ya soka tsinken ashana a wurin don kada ya ɓace masa, ya goge, ya kankare, ya shafa sholisho da yatsa, ya jira ya sha iska, ya manna ɗan yankin tsohon tub, ya danne. Kafin ya mayar, sai ya zura yatsunsa cikin tayar ya zagaya a hankali har ya ji tsinin ƙayar da ta yi ɓarnar, ya cire ta da allura. Wannan zagayen yatsa shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Kuɗin aikin kuma ba ya hana yaro zuwa makaranta gobe. Tun da man fetur ya yi tsada a Najeriya bayan cire tallafi a 2023, abin ya taɓa mu da ke bakin iyaka, keke ya ƙara daraja a gidaje da yawa, kuma darajarsa tana cikin wannan sauƙin gyara. Ko Buffalo, keken da ƙungiyar World Bicycle Relief ta tsara musamman don ƙauyukan Afirka, mai ɗaukar kilo 100 a kariya, da tub yake zuwa.

Ƙayar fa? Akwai dabaru da ba sa raba mu da tub. Masu facinmu sun daɗe suna yanke bakin tsohuwar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa, ta zama garkuwa tsakanin ƙaya da tub. Tana ƙara nauyi, amma tsaida ba ta cika ratsa ta ba. Akwai tub mai kauri da aka yi don ƙasar ƙaya. Akwai kuma wani irin ruwan toshe huda da ake ɗurawa cikin tub ɗin kansa ta bawul, wanda ba na ƙaron roba ba ne, yana daɗewa bai bushe ba. Shi ne ya fi dacewa da mu, domin ko ya gaza, tub na nan, a wanke wurin a yi faci.

Roƙona ga 'yan kasuwar da ke sayo kayan keke daga Kano da Damagaram shi ne su riƙa kawo mana waɗannan: faffaɗar taya ta ƙafa 26, tub mai kauri, da ruwan cikin tub a ƙananan kwalabe da talaka zai iya saye. Matashin da ke da hali, yake sha'awar ƙaton keke da tubles, ya saya, ya hau, zan ma so in ga yadda zai yi a rairayin hanyar Dungas. Amma kada ya je ya cire wa ƙaninsa ɗan makaranta tub, sai ranar da ruwan da tayar da ta dace suka zama abin da ake samu a kasuwar Magarya kowane mako, kuma mai facin ƙauyensu ya mallaki injin iska.