A karanta lakabin soket kafin a kashe SELinux

Wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin masu kula da uwar garke ta Linux tun da kwantena ta zama abin yayi. Mutum zai saka docker.sock cikin kwantena, SELinux ya hana shi, sai ya rubuta label=disable ko setenforce 0. Aiki ya tafi, shi ke nan. A ganina wannan ganganci ne, domin duk wanda ya samu damar magana da wannan soket zai iya tayar da wata kwantena mai cikakken iko, ya mallake na'urar baki ɗaya.

Hukumar NSA ta Amurka ce ta fitar da SELinux a 2000, ya shiga Linux 2.6 a 2003, kuma tun 2014 yake aiki gadan-gadan a Android, daga sigar 5.0. Ƙa'idarsa ita ce kowace manhaja da kowane fayil na da lakabi, kuma dokar tsarin ce ke yanke hukunci, ko da mai neman izinin root ne.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne soket na cikin gida lakabi biyu gare shi. Akwai na fayil ɗin da ke cikin /run, wanda ls -Z ke nunawa. Akwai kuma na soket ɗin kansa, wanda yake gadowa daga manhajar da ta buɗe shi. Wannan na biyun ana iya ganinsa da ss -xlz. Kafin a haɗu, sai mai kira ya samu izinin write a kan na farko, da connectto a kan na biyu. Wanda ya gyara lakabin fayil kaɗai zai ga an ci gaba da hana shi, sai ya ɗora wa SELinux laifi.

Masu rubuta manhaja ma da nasu kason. Da yawa sun tsaya ga SO_PEERCRED, mai faɗin lambar mai amfani. To root na cikin kwantena da na waje sau da yawa duk lambarsu 0 ce. SO_PEERSEC ne ke bambanta su, shi ya sa D-Bus ke tambayar lakabin mai kira.

Idan an hana ka, fara da ausearch -m avc. Zai nuna maka lakabin mai kira, da na wanda aka kira, da izinin da aka hana. In haɗin ya cancanta, rubuta doka ɗaya tak da ta ba da shi. In bai cancanta ba, SELinux ya yi aikinsa ke nan, sai ka sake tsarin naka.