Gwanintar ɓoye tabo a jikin alƙalamin katako

Alƙalamin katako da ake gurzawa da injin juyi, wanda masu sana'ar hannu a Amurka da Ingila suka shahara da shi, ba a gane gwaninsa wajen sassaƙa. Ana gane shi ne a matakin ƙarshe, lokacin da haske ya tona ƙananan aibobin da suka ɓuya. Dalili kuwa shi ne katakon da ya lulluɓe bututun tagulla na ciki siriri ne ƙwarai, a alƙalami mai bututun milimita 7 kaurinsa sau da yawa bai kai milimita 2 ba. Wanda ya cika gogewa sai ya ga tagulla ta leƙo, garin neman gira ya rasa ido.

Shi ya sa gwani ke fara tsayar da inji, ya haska fitila daga gefe, ya bi jikin katakon da ɗan yatsa. Abin da ya fi samu shi ne karce mai zagaye, wanda sanfefa ke bari idan an goga yayin da katako ke juyawa. Maganinsa sai a kashe inji, a goga a tsaye bisa tsawon jijiyar itacen, sannan a hau lambar sanfefa ta gaba. Daga 150 ake hawa zuwa 240, 320, 400, har 600, ba a tsallake ko ɗaya, domin kowace lamba aikinta share sawun wadda ta gabace ta.

Inda ƙarfen sassaƙa ya fizge ɗan ɓarɓashi, ko aka tarar da ramin ƙwaro ko 'yar tsaga, nan ne hikimar take. Gwani ba ya zubar da garin da ya faɗo daga katakon. Sai ya cusa shi cikin ramin, ya ɗiga gam mai ruwa-ruwa, irin wanda muke kira sufa gulu, garin ya sha ya daskare. Yakan bar cikon ya ɗan yi tudu, saboda gam na lotsawa in ya bushe, daga baya ya goge shi ya daidaita. In ramin ya yi girman da ba zai ɓoyu ba, wasu sukan cika shi da garin gahawa ko garin shuɗin dutse, aibi ya koma ado. Wannan gam Harry Coover ne ya gano sinadarinsa a 1942, kamfanin Eastman Kodak ya fito da shi kasuwa a 1958, yau kuwa shi ne babban abin shafe na masu wannan sana'a.

Kowane itace da halinsa. Maɗaci yana da ƙananan ƙofofi da farar ƙura ke maƙalewa ciki, in ba a hure ta ba kafin a shafa gam, sai ta zama ɗigo-ɗigo fari har abada. Itace mai maiƙo kuwa, irin baƙin itacen da mutanen Tanzaniya ke kira mpingo, sai an goge shi da sinadarin asiton kafin gam ya kama. Farin itace shi ma yana da nasa haɗarin: in sanfefa ta taɓa ƙarfen da ke riƙe bakin katakon, baƙar ƙura za ta shiga jikinsa ta ɓata launi.

Bayan an shafa gam hawa-hawa, siriri-siriri, wani lokaci sai hazo ya bayyana a ƙarƙashin sheƙin. Laima ce ke jawo shi, ko yawan fesa maganin saurin bushewa. Gwani ba ya ƙara gam a kai don ya rufe. Yakan goge har ya wuce hazon, ya sake shafawa, sannan ya bi da lallausar sanfefar Micro-Mesh jiƙaƙƙiya, daga 1500 zuwa 12000, har jikin ya ɗauki ƙyalli.

Duk wannan wahala a kan tabon da mai saye zai iya kasa gani, amma yatsunsa za su ji shi kullum in ya zo rubutu. Idan aka miƙo maka alƙalamin katako, kada sheƙi ya ruɗe ka. Ka juya shi a gaban haske, ka shafa inda katako ya haɗu da ƙarfe. In ba ka ji gargada ba, ka biya kuɗinsa ba tare da dogon ciniki ba.