Tsarin da ya zo a jirgi: karanta Olivier de Sardan daga Talladjé

Baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Diori Hamani, da wuya ya kai tsakiyar Yamai bai bi ta gefen Talladjé ba. Ta nan manyan baƙi suka wuce a Fabrairun 2019 zuwa taron ƙolin Hukumar Yanayi ta Yankin Sahel, inda aka amince da shiri na kimanin dala miliyar 400. Ta nan kuma suka sake wucewa a watan Yuli na shekarar don ƙaddamar da yankin ciniki maras shinge na Afirka. Unguwar takan ga motocinsu, amma ba kasafai sunanta ke shiga takardunsu ba. Wannan tazara tsakanin abin da aka tsara a zaure da abin da ake rayuwa da shi a waje ita ce jigon La revanche des contextes, littafin da Jean-Pierre Olivier de Sardan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, ya buga a 2021.

Hujjarsa mai sauƙin faɗa ce. Masana sukan ƙera wani tsari da aka ce ya yi nasara a wani wuri, sai a yi ta yawo da shi ƙasa-ƙasa tamkar maganin kowace cuta. Idan ya sauka, sai ya tarar mutane na da nasu ƙa'idojin da ba a rubuta ba, su lanƙwasa shi yadda ya dace da su. Binciken LASDEL kan tallafin kuɗi a karkara ya nuna haka: a zaɓi gidajen da aka ce sun fi talauci, masu rabo na juya baya a sake raba kuɗin bisa zumunci da maƙwabtaka. Marubucin bai kira wannan rashin tarbiyya ba, kuma a nan ƙarfin littafin yake.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna wani ra'ayi da ya yi kasuwa a tsakanin masana, wato cewa sauyin yanayi ne ke rura wutar yaƙi a Sahel. Nijar da kanta ta ɗauke shi zuwa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ita da Ayalan. Ranar 13 ga Disamba 2021 ƙasashe 12 suka goyi bayan daftarin, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar na ƙi. Ra'ayin ya yi wa kowa daɗi: mai mulki ya ɗora laifi a kan sama, mai bada agaji ya sami sabuwar ƙofa. Amma fari ba ya ɗaukar bindiga. Sai an haɗa da rikicin gona da burtali da kuma alƙalin da ba a yarda da shi ba. A Yamai ma, abin da aka gani a 2020 ruwa ne, lokacin da kogin Kwara ya cika ya shanye gonakin shinkafa na Saga, can ƙasa da Talladjé.

Sai dai littafin ya tsaya inda ake bukatar ya ci gaba. Idonsa na kan ma'aikaciyar jinya da mai gari da jami'in gwamnati; bai cika ɗaga kai ya dubi inda kuɗi ke fitowa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, bankin BCEAO ya riƙe kadarorin gwamnati. Kayan da suka saba shigowa daga tashar Kwatano ta gadar Gaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. Mai shago a Talladjé yana iya dabarunsa, ya bada bashi, ya rage mudu, amma ba shi da ƙa'idar da zai lanƙwasa wannan da ita. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Dattawan unguwar kuwa sun san irin wannan tun Janairun 1994, ranar da aka kwana da sefa aka tashi ta zubar da rabin darajarta, ba tare da wani tsari ya sauka a jirgi ba.