Jita a Matsayin Zabiya: Yadda Ake Gina Kiɗan Surf

A shekarar 1961, dubban matasa kan cika wani zauren rawa mai suna Rendezvous a Balboa, bakin tekun kudancin Kalifoniya, don su saurari wani saurayi bahago da ake kira Dick Dale. Da yawansu da rana suna cikin teku ne, suna hawan igiyar ruwa a tsaye kan allo, wasan da ake kira surf, kuma daga nan kiɗan ya samo suna. Abin da ya bambanta shi da sauran kaɗe-kaɗen Amurka na lokacin shi ne mafi yawansa babu mawaƙi. Jita ce ke rera waƙar, ganga da jitar bes suna riƙe mata. Akwai reshen da ake waƙa da baki, irin na The Beach Boys, amma masu sana'ar sun fi girmama wanda babu murya.

Mai koyo yakan fara ne da ruɗuwa da amon. Ya ji sautin nan mai kama da ɗigar ruwa cikin kogo, sai ya ɗauka sirrin duk yana cikin na'ura. Lallai na'urar akwai ta: wani akwati da kamfanin Fender ya fitar a 1961, mai naɗaɗɗun wayoyin ƙarfe a ciki, sauti ya bi ta cikinsu yana karkarwa, ya fito da jela. Sai dai “Let's Go Trippin'” ta Dale, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce mafarin wannan kiɗa, an naɗe ta ba tare da akwatin ba, kuma ta tayar da ƙura. Amo ado ne. Idan babu kari mai daɗi a ƙarƙashinsa, hayaniya kawai ake ƙara wa jela.

To, karin shi ne aikin. Tunda babu kalmomin da za su riƙe mai sauraro, dole jitar ta faɗi abin da kunne zai iya ɗauka tun jin farko. Gwajin mai sauƙi ne: ka ajiye jita, ka rera abin da ka tsara da baki ko da fito. In ya ƙi reruwa, bai zama waƙa ba tukuna, yatsu ne suke yawo. Gwanayen kan ɗauki ɗan guntun kari, su maimaita shi, su ɗaga shi sama kaɗan, sannan su ba shi amsa, kamar yadda zabiya ke jefa baiti 'yan amshi su cafe. Bambancin kawai a nan mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, jifan a tsarkiya mai kauri, amsar a siririya.

Kiɗan yana tafiya da ƙidaya huɗu-huɗu, kowace huɗu gaɓa guda. Mai ganga yana buga ƙaramar gangar sau biyu a jere a kan ƙidaya ta biyu, sau ɗaya a kan ta huɗu. Wannan ɗan tuntuɓen shi ke sa ƙafa motsi.

Wajen gini, hanyoyi biyu ne suka fi shahara, kuma kowacce tana da fitaccen misali. Ta farko ita ce mai gaɓa 12 da aka gada daga kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka, wadda ke zagayawa a kan haɗin sauti uku kacal. “Wipe Out” ta The Surfaris, ta 1963, ita ce malamar wannan hanya. Jita ta yi zagaye ɗaya na gaɓa 12, sai ta koma gefe, mai ganga Ron Wilson ya karɓi zagaye na gaba shi kaɗai, sauran suna sa baki da bugu ɗaya duk inda haɗin sautin zai canza. Haka ake ta karɓa-karɓa har ƙarshe. Abin dariya, yaran sun ƙirƙire ta ne a gurguje cikin situdiyo don su cike bayan faifan wata waƙarsu, “Surfer Joe”, sai ga bayan ya danne gaban, ya kai matsayi na 2 a jerin fitattun waƙoƙi na Billboard.

Hanya ta biyu ta fi burge ni. Ana yin sashe na farko mai gaɓa 8, a maimaita shi, a tsallaka wani sashe dabam da makaɗa ke kira gada, sannan a dawo na farko: gaɓa 32 ke nan. “Walk, Don't Run” da The Ventures suka fitar a 1960 haka take. Asalinta ta wani makaɗin jaz ce, Johnny Smith, su kuma 'yan jihar Washinton ne, ba 'yan bakin tekun Kalifoniya ba, amma duk mai koyon surf sai ya bi ta kanta. Sashen farko yana gangarowa mataki huɗu, daga A zuwa G, zuwa F, zuwa E, da ɗan duhu-duhu a muryarsa. Da aka iso gada sai sautin ya washe, ya yi haske na ɗan lokaci. Amfanin gadar ke nan: ta sa kunne ya yi kewar sashen farko, in ya dawo a karɓe shi da murna. A nan ne sabon hannu ke yawan faɗuwa, ya yi gada mai kama da abin da ya gabace ta, ko ya cusa sassa biyar cikin waƙa ɗaya don kada a ce bai iya ba. Shahararrun waƙoƙin nan kuwa ba su kai minti uku ba.

Mabuɗi ma darasi ne. “Pipeline” ta The Chantays, 'yan makarantar sakandare daga Santa Ana, tana farawa da yatsa yana zamewa ƙasa a kan tsarkiya mai kauri yayin da ɗaya hannun ke karkaɗa ta da sauri, kamar igiyar ruwa na rushewa. Daƙiƙa biyu ko uku ne, amma wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Bayan haka sai a danne tsarkiyoyin da gefen tafin hannu, sautin ya gajarce, akwatin amo ya mayar da shi ɗiga-ɗiga.

Karkaɗawar nan tana da asali mai ban sha'awa. Sunan Dale na yanka Richard Monsour, dangin mahaifinsa 'yan Labanan ne, kuma ya sha faɗa cewa wurin kawunsa mai kaɗa molon Larabawa, wato ud, ya ga ana yin “Misirlou” a kan tsarkiya guda. Tsohuwar waƙa ce ta gabashin Bahar Rum. A 1962 ya ɗauke ta ya ninka saurinta, yana kaɗa jita samfurin Stratocaster a juye ba tare da ya sauya jerin tsarkiyoyin ba, tsarkiyoyin kuma masu kauri har suna cinye robar da yake kaɗawa da ita. Kunnen da ya saba da kiɗan Masar ko na finafinan Indiya zai gane hawa da saukar sautin nan take, domin matakan ɗaya ne da na Hijaz Kar a wurin Larabawa da Bhairav a wurin Indiyawa. Zuwan The Beatles Amurka a 1964 ya dusashe kasuwar surf, har sai da fim ɗin Pulp Fiction na 1994 ya buɗe da “Misirlou”, sabbin matasa suka sake ɗaukar jita.

Idan kana son gwadawa, kar ka fara da “Misirlou”, saurinta zai karya maka gwiwa. Zaɓi haɗin sauti uku, ka tsara kari na gaɓa 8 da za ka iya rerawa da baki, ka kaɗa shi a hankali ba tare da amo ba har ya zauna. Sai ka nemi gadarka.