4.3 Wasannin Gargajiya a Zane-zanen Jimo Akolo

An haifi Jimo Akolo a garin Egbe, cikin Jihar Kogi ta yanzu, a shekarar 1934. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Keffi, sannan ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya a 1957, inda ya yi zamani da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Bayan ƙaro ilmi a Ingila da Amurka, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello fiye da shekara 30. Ya rasu a 2023.

Akolo ba Bahaushe ba ne, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Daɗewarsa a Zariya ta sa al'adun Arewa suka mamaye aikinsa. Daga cikin zanensa akwai na sharo (1982) da na dambe (1998) da kuma na kokawa (2000).

Idan aka dubi salonsa, za a ga ba ya kwaikwayon hoton kyamara. Yakan gina surar mutum ne da layuka da kusurwoyi, ya daidaita launuka cikin natsuwa. Wannan salo ya dace da dambe ƙwarai, domin shi kansa dambe tsayuwa ce kafin ya zama duka. Ɗan dambe kan naɗe hannu ɗaya da zare, ya miƙa ɗayan gaba a matsayin garkuwa, ya buɗe ƙafa yana auna abokin karawarsa. Sau da yawa wannan aune-aune ya fi naushin kansa ɗaukar lokaci, kuma a nan ne gwani kan bambanta da ɗan koyo. Saboda haka mai zanen da ya ƙware a kusurwa ya sami abin da ya dace da hannunsa.

Sai dai kuma a nan ne rauninsa yake. Filin wasa ba na mutum biyu ba ne kawai. Akwai makaɗa da kirari da ƙura da ihun 'yan kallo, kuma da wuya a raba sunan Shago da waƙar Ɗan'anace. Natsuwar salon Akolo takan sanyaya wannan zafi. Mutumin ƙasar Yawuri da ya saba ganin kokawar Gungawa, waɗanda cikar tafkin Kainji a 1968 ta tayar daga tsibiransu, zai yaba tsarin jikin 'yan wasan, amma zai nemi hayaniyar dandali ya rasa.

Wani abin lura shi ne masu kallon. A Legas aka yi babban baje kolin ayyukansa a 2022, nesa da mahauta da manoman da ke wannan wasa bayan kaka. Don haka a wannan nazari an ɗauki zanen a matsayin fahimtar baƙon da ya zauna ya lura, ba a kafa hujja da shi kan ƙa'idojin wasan ba.