Waƙoƙin Shuka da Girbi: Me Muke Koya wa Ikkilisiya?

Mai bi yakan manta wa'azin Lahadi kafin Laraba, amma waƙar da aka rera takan bi shi har gona. Saboda haka wajibi ne mu auna waƙoƙinmu da ma'aunin da muke auna wa'azi. A nan za mu dubi waɗanda ke zancen shuka da girbi, yadda ake rera su a ikkilisiyoyin Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, inda yawancin masu bi manoman masara ne da dawa da waken suya.

Na farko, akwai waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, waɗanda aka juyo da yawansu daga Turanci. Koyarwarsu tana da nauyi, sun kuma riƙe kakanninmu cikin bangaskiya. Amma muryarsu ta baƙi ce, sau da dama takan ja gajeren wasali, ta karya sautin kalmar Hausa. Haka kuma a Ingila Ista takan zo lokacin da ƙasa ke tsiro, a wurinmu kuwa a watan Maris ko Afrilu take zuwa, tsakiyar bazara, ƙasa a bushe. Wanda bai lura da wannan ba zai yi ta aron hotunan da jama'arsa ba su gani.

Na biyu, waƙoƙin Zumuntar Mata. A ganinmu su ne suka fi zama a bakin Bahaushe, domin jagora takan bayar, jama'a su amsa, tulu yana riƙe da kiɗa, tsohuwar da ba ta karatu ma tana ciki. Rauninsu shi ne akan maimaita amshi ɗaya har a rasa ayar da aka gina shi a kai.

Na uku, sababbin waƙoƙin da ke yawo a wayoyi. Wasunsu sun mai da shuka ta zama ba da kuɗi, girbi kuma ya zama mota da gida. A nan ne haɗarin yake. Jama'armu sun ga yadda 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020. Sun ga an datse layukan waya a ƙananan hukumomin nan uku a Satumba 2021. Akwai gonakin da aka bari babu noma, akwai ƙauyukan da sai sun biya kuɗi kafin su girbe abin da suka shuka. Idan waƙa ta ce duk mai bangaskiya zai cika rumbu, me ta faɗa wa dattijon da aka raba da gonarsa? Ta ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza. Ta ƙara masa kaya a kan kaya, kuma ba ta faɗi gaskiya ba.

Littafi Mai Tsarki bai rera haka ba. Zabura 126 ta haɗa shuka da hawaye. A Habakkuk 3:17-19 annabin ya yi farin ciki da Allah alhali gona da garke sun tashi a banza. Zabura 88 ma ta ƙare cikin duhu, duk da haka ba a cire ta ba. Ikkilisiyar da ba ta da waƙar makoki ta bar masu kuka su yi kuka su kaɗai.

Muna kuma da hotonmu na gida. Manomi yakan yi binne, wato ya sa iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Kalmar da muke faɗa wa rufe mamaci ke nan. A karanta Yohanna 12:24 da 1 Korantiyawa 15:36-38 tare da wannan, za a ga waƙar Ista da ta dace da bazararmu.

Ya ku bayin Ubangiji, kada mu bar mawaƙa su kaɗai. Mu zauna da su kafin sabuwar waƙa ta shiga sujada, mu tambayi ayar da take tsaye a kai.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Rubuta waƙoƙin girbi uku na ikkilisiyarku. Wane alkawari kowacce ta yi, kuma Allah ya yi shi?
2. Wace waƙa za ku rera a gidan da aka sace mutum?